Zumar Hilda Mai Tuni

"…Lafiya ƙalau na kwana, ganinka ne dai da sassafe ya ɓata mini shayi."

"Au, ashe kin kwana? Ni da na taho da shirin zaman makoki! Ko karyawa ban yi ba, don in ci kek ɗin baƙi da kyau."

"To koma ka karya, ɗan nema. Sai na binne ka na sake aure."

"Wa zai kwashi kayan gwanjo? Ni ma haƙuri nake yi da ke, don na san in na sake ki babu mai ɗauka."

"Rufe mini ƙofa, angon banza, kana shigo mini da sanyi da surutu."

Gaisuwar Hilda Pugh da jikanta Rufus ke nan, tun ranar da bakinsa ya buɗe. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka yanzu za a kira 'yan sanda. Ni kam na saba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kaɗa makullin mota, domin ni ne direbansu na dole a ranar, za mu shagon gwanjo neman takalmin soja. Sunana Clive. Ni ke jan labule a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinmu, Brimlow, kuma inda nake tsayawa da igiyata nan ne gefen kujerar Hilda. Ita ce mai tuni. Tana zama a lungun dandamali inda 'yan kallo ba sa ganinta, in magana ta ɓace wa ɗan wasa sai ta jefa masa ita a hankali, ya cafe ya ci gaba. Tun kafin a haifi uwar Rufus take kan wannan kujera, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya aikin kamarta ba. Wannan ba yabon maƙwabtaka ba ne, don ni da ita ma ba kullum muke shan inuwa ɗaya ba.

Kowace shekara in an gama girbi muna yin tsohon wasanmu a zauren kasuwar hatsi, da rana, kafin a zauna cin abincin biki. Wasa ne na mutanen da, mai ɗaruruwan shekaru, Turancinsa ma sai an tauna kafin a haɗiye. A ƙarshensa soja yake dawowa daga yaƙi ya tarar an ƙone gonar ubansa. Sai ya durƙusa, ya damƙi ƙasa, ya yi wata doguwar addu'a: a ba da ruwa daidai misali, rana daidai misali, tumaki su haihu, tuffa ta yi nauyi a reshe. Daga nan ya ɗaga kai ya roƙi abu guda da ya haɗe su duka, da wata kalma da ba ka jin ta a kasuwa, ko a coci, ko a rediyo: foison. A baki tana fita kamar "foizin". Ma'anarta yalwar amfanin gona, irin wadda rumbu zai cika har a rasa inda za a zuba sauran.

To a kan wannan kalma kowane sojan da muka taɓa yi yake faɗuwa. A wajen gwaji ba sa mantawa. Amma ranar wasa, in an durƙusa, fitila ta haske fuska, manoman gari sun zuba ido, sai ta gudu. Sai a yi tsit. Sai a ji muryar Hilda daga lungu, ƙasa-ƙasa, sai dai a zauren nan ko ɓera ya yi tari ana ji. Soja ya maimaita, manoma su buga ƙafa a ƙasa sau ɗaya, gim, ni kuma in saki labule. Washegari sojan ya kai mata kwalbar zuma, haka al'adar take. Akwai tsofaffin da za su rantse maka cewa albarkar baɗi daga bakin Hilda take fitowa, sojan ɗan aike ne kawai.

Bana ce shekararta ta ƙarshe. Idonta ya tafi, ko littafin wasan ba ta iya karantawa, a ka take riƙe da shi. Bayan biki da 'yan kwanaki 'yarta za ta ɗauke ta ta koma da ita can bakin teku. Kuma don abin ya ƙara armashi, bana Rufus aka ba wa soja, shi kuwa ya cika gari da cewa shi ne zai fara faɗin kalmar ba tare da taimakon kowa ba. In ya yi nasara, Hilda za ta tashi daga kujerarta ba a ji muryarta ba. Ita ba ta taɓa cewa abin ya dame ta ba. Ni dai ya dame ni ƙwarai, na kuma san ya dame ta.

Muna isa wajen mota suka ɗora daga inda suka tsaya.

"Shiga baya, tsohuwa, gaba na masu gani ne."

"Ni da ba na gani na fi ka sanin hanya. Clive, kar ka bi ta gaban coci, suna fasa titi."

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnena. Kai naka na ado ne, ga girma ga rashin aiki."

"Kunnuwan kakana na gada. Ke kika zaɓo shi."

"Duhu ne ya ruɗe ni. To faɗi mu ji."

"In faɗi me?"

"Ka ji ko, Clive? Tun ba a je ko'ina ba har ya manta."

"Foison! Foison, foison, foison! In rera miki ita? In yi miki da muryar limamin coci? A barci ma faɗinta nake yi, har wanda muke haya tare ya ɗauka sunan budurwata ne."

"Ai ita kaɗai ce za ta yarda da kai."

"Kaka, shawara nake ba ki, ki fara tattalin zumar da ta rage. Bana babu sabuwa."

"Haka Bevan mai gwanjo ya ce. Haka likitan dabbobi ya ce. Haka kakanka ya ce, ya zo ya durƙusa ya hangame baki kamar kifi a faranti, har tausayi ya kama ni na aure shi."

"Wato da bai manta ba, da ba a haife ni ba?"

"Da garin nan ya huta."

Rufus ya kwashe da dariya har yana dukan kujera. Na ce masa motar ba ta kakarsa ba ce, ya yi mini a hankali. Ko saurarona bai yi ba, ya sake juyawa baya.

"Ni fa ban ga abin wahala a cikinta ba. 'Yar kalma guntuwa. Kuma ta sata ce, daga wajen Faransawa aka ɗauko ta."

"Kakanka ma daga ƙasar Wales na ɗauko shi, ya kuma yi amfani."

"Da Madam Tranter ta ji shawarata, da tuni an cire ta an sa wadda kowa ya sani. Me ye amfanin darakta in ba za ta iya korar kalma ɗaya ba?"

A madubi na ga Hilda ta gyara zama, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta. Na san wannan zaman.

"Kai yaro, kalmar da kowa ya sani ai a kanti ana faɗinta, a banki ana faɗinta, ta sha hannu har ta sule. Wannan kuwa shekara guda take yi a kwance babu mai taɓa ta, sai ranar da za a roƙi abinci. Shi ya sa take fitowa da nauyinta. Wanda ya rubuta wasan nan ba wawa ba ne, ya san sojan da ya rasa komai ba zai yi roƙo da kalmar cefane ba. Shi ya sa kuma take guduwa. Marainiya ce, ba ta da 'yan'uwa a bakinka da za su riƙe ta. Sauran maganar kowace tana jawo 'yar'uwarta, ruwa ya jawo rana, rana ta jawo tuffa. Ita kuwa sai ka tafi da ƙafarka ka ɗauko ta."

"Tabɗi! Clive, koma ta gaban cocin a sauke ta, wa'azi ya taso."

"Wuce, Clive, a ajiye shi a asibitin dabbobi, a duba ko ana rage kunne."

Ni dai na ci gaba da tuƙi. Na sha jin masana sun zo daga birni suna bayani a kan wasan nan, wasunsu ma sun burge ni, amma in Hilda ta yi maganar kalmar nan sai in ji kamar tana maganar wata ƙawarta ce da suka tsufa tare.

Shagon gwanjon na Bevan ne, wanda shi ma ya taɓa yin soja a zamanin da yake da gashi. Yana ganinmu ya washe baki.

"A'a, ga amarya ga ango! Me za a ba ku, gado ko akwatin gawa?"

"Takalmin soja," in ji Hilda, "na mutum mai ƙafar agwagwa."

Bevan ya tono takalma daga bayan tulin tsofaffin kwat-kwat. Rufus ya sa na farko ya yamutse fuska.

"Wannan ya matse ni."

"Takalmin lafiyarsa ƙalau, ƙafarka ce ta yi yawa."

"Wannan kuma wari yake yi. Bevan, mai shi a ciki ya mutu?"

"Ya dai fi ka tsabta," in ji Hilda. "Gwada na gaba."

Na gaban ya zauna masa daidai, dogo, baƙi, har gwiwa. Sai dai da ya taka sai ya ce ƙiii. Ya sake takawa, ƙiii.

"Haba! Da wannan zan dawo daga yaƙi? Ai tun daga nesa abokan gaba za su jiyo ni."

"Shi za mu ɗauka."

"Kaka, kuka fa yake yi!"

"Na ji. Ɗaure mana shi, Bevan. Tunda ba na ganin mummunar fuskarsa, aƙalla in san ta wane gefen dandamali yake."

Da wasa ta faɗe shi, amma sai na ga Rufus ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Sai Bevan ya sa baki.

"Yaro, na ji ana cewa kana cika baki. Ni ma haka na yi. Har a jikin madubin aski na manna kalmar. Da na durƙusa a gaban jama'a, kai, sunan uwata ma ɓace mini ya yi."

"Wannan ku ne mutanen da, ƙwaƙwalwarku ta alkama ce. Ni dai gargaɗi ɗaya nake yi. In na zo wajen, zan ɗan yi shiru don in ja ran 'yan kallo. Kada wata tsohuwa ta yi zumuɗi ta yi mini katsalandan."

"Ni?" Hilda ta buga sanda a ƙasa. "Tambayi Bevan, tambayi Clive, ko na taɓa sa baki a shirun da ɗan wasa ya yi da gangan. Shirun gangan dukiyar ɗan wasa ce, mai tunin da ya taɓa shi ɓarawo ne. Ni ban taɓa sata ba."

"To yaya kike ganewa, ke da ko giwa ba kya gani?"

"Numfashi. Mai shirun gangan numfashinsa a ciki yake, yana hawa yana sauka. Wanda magana ta ɓace wa, a maƙogwaro nasa yake maƙalewa. Ko barci nake yi na san bambancin."

"Maita dai ke nan."

"Ita ta cika mini kabad da zuma."

Da ni da Rufus duk mun ji wannan magana da kunnenmu, kuma babu wanda ya ɗauke ta da nauyinta.

Bevan ya ja Hilda ciki shan shayi, Rufus ya ce bari ya taka waje ya saba da takalmin. Da ya daɗe sai na bi sawunsa, ba wuya kuwa, kukan takalmin kawai na bi. Na same shi cikin kasuwa a rumfar mai zuma, yana cusa wata ƙatuwar kwalba a aljihun kwat.

"Ta wa ke nan?" na ce.

"Ta mura."

"Murar wa?"

"Wadda zan yi ranar Asabar." Ya waiga, ya rage murya. "Clive, tun ina rarrafe nake zama a ƙarƙashin kujerar nan ina jiran kalmar nan ta fito. Kana tsammanin ni zan zama wanda zai rufe mata baki a shekararta ta ƙarshe? Cika bakin nan duk don ta sakankance ne. In na zo wajen zan yi kamar na manta, ta faɗi abarta, a buga ƙafa, ta tafi bakin teku da farin ciki. In ka gaya mata, na rantse sai na ɗaure ka da igiyar labulenka."

Sai da na juya ina duban kabejin rumfar gefe don kada ya ga idona. Yaron nan da nake wa kallon sakarai, ashe zuciya ce cike da ƙirjinsa. Na ji daɗi har raina, na kuma ɗauka an gama magana.

Ranar Asabar zaure ya cika tun kafin lokaci, ga ƙanshin tuffa da na gasasshen nama yana shigowa daga inda mata ke shirya tebura. Hilda na zaune a lungunta cikin shuɗiyar rigar sanyinta, littafin wasan a rufe a kan cinyarta. Rufus ya zo wucewa, ƙiii, ƙiii, ya sunkuyo.

"Yi barcinki, amarya, zan tashe ki in an gama."

"Kai dai ka zaga bayi kafin ka hau. Ba ni da ƙarfin goge dandamali."

Zan faɗi gaskiya, yaron ya yi wasa. Tun kakansa ban ga soja irinsa ba. Da ya shigo gonar da aka ƙone ya tsaya yana dube-dube, sai da matan layin gaba suka fara laluben hankici. Ya durƙusa, ya damƙi ƙasar da muka zuba masa, ya ɗauko addu'ar tiryan-tiryan: ruwa, rana, tumaki, tuffa. Ya ɗaga kai. Ya yi shiru.

Daga inda nake ina hango manoman, kowa ya ɗan ɗaga ƙafa yana jira. Rufus ya zaro ido, ya motsa leɓe, ya saci kallon lungu, duk dai yadda ake yi in an manta. Hilda ko gezau.

"Hilda," na raɗa mata, "jefa masa kalmar mana."

"Bai manta ba."

"Ga shi ya yi shiru!"

"Shirunsa ne. Ji numfashinsa, lumui, kamar saniya na tuƙa."

"Don ke fa yake yi!"

"Na sani. Ba na karɓar sadaka a bakin aikina."

Shirun ya yi ta tsawo. Wani ya yi tari a baya, wani jariri ya fara ƙananan kuka, a ɗaya gefen dandamali Madam Tranter ta cusa gyalenta a baki tana cizo. Rufus ya sake kallon lungu, wannan karon ba a sace ba, ya ɗaga gira, ya yi gyaran murya. Hilda ta naɗe hannu a kan littafinta. Na yi niyyar in jefa masa kalmar da kaina, sai ta damƙe mini wuyan hannu, ban san tsohuwar na da ƙarfi haka ba.

Can na ga Rufus ya haƙura. Ya ɗan girgiza kai, alamar to shi ke nan, bari ya faɗi abarsa. Ya ja numfashi, ya buɗe baki.

Babu komai a ciki.

Na ga lokacin da fuskarsa ta sauya. Ya rufe bakin, ya sake buɗewa. Gumi ya karyo masa. Ƙasar da ke hannunsa ta fara zubewa ta tsakanin yatsu. Yatsun ƙafarsa suka motsa a cikin takalmi, takalmin ya ce ƙiii, a hankali, sai kuma wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronsa kamar an shaƙe kaza.

"Yauwa," in ji Hilda.

Ta sake hannuna. Ta dafa sanda ta miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a tsakiyar wasa. Kuma ba ta yi raɗa ba. Duk tsawon shekarun nan a ƙasan murya take faɗin kalmar nan, ranar kuwa ta buɗe ƙirji ta sake ta gaba ɗaya, har ta daki bangon ƙarshe ta dawo.

"Foison!"

Rufus ya cafe ta kamar mayunwacin da aka miƙa wa burodi. Ya maimaita da murya mai rawa, hawaye na zuba, kuma na rantse ba hawayen wasa ba ne. Ban taɓa jin an roƙi abinci a dandamalin nan da gaske irin na ranar ba. Manoma suka buga ƙafa, gim. Al'ada sau ɗaya ce, amma suka sake, suka kuma sakewa, har ƙura ta riƙa zubowa daga rufi, tsofaffi na kiran sunan Hilda. Ni ina tsaye da igiya a hannu, baki buɗe, ina ta share ido da kafaɗa, sai na ji sanda a haƙarƙarina.

"Labule, Clive. Ko kai ma sai an tuna maka?"

Da aka watse zuwa tebura, Hilda ta ƙi tashi daga lungunta, wai sai hayaniya ta ragu. Nan Rufus ya same mu, bai ko cire kayan soja ba. Ya dangwarar da kwalbar zuma a kan cinyarta.

"Ga zumarki, kin ci arziki. Da gangan na yi, kowa ya gani, don kada ki tafi bakin teku kina yi wa kifaye kuka."

"Rabin farko da gangan ne, wannan na yarda. Kuma wasan banza ka yi, ko tumakin da ke cikin addu'ar ba za su ruɗu ba. Rabin ƙarshen fa?"

"Duk cikin gwaninta ne."

"Takalmin ma gwaninta ce ta sa shi kuka?"

"Takalmin ɗan wasa ne shi ma."

"Gumin fa? Daga nan nake jin warinsa."

"Fitila ce ta yi zafi. Clive, gaya mata!"

"Ni labule nake ja," na ce.

"Shi ma ɗin bai ja ba," in ji Hilda. Ta shafa kwalbar, ta jijjiga ta kusa da kunne, ta miƙa masa abarsa. "Wannan ta tausayi ce. Ranar da muka je wajen Bevan ka saye ta, tun daga kasuwa har gida tana karo da makullinka a aljihu. Ba na shan zumar tausayi, tana sa ni ƙwarnafi. Gobe ka kawo mini ta tsoro, ita ce tawa."

"Wato tun ranar kin sani, kika bar ni na durƙusa a gaban duk garin nan kamar wanda aka kama da satar kaza?"

"Kai ka ce kada wata tsohuwa ta yi maka katsalandan."

"To da ban manta da gaske ba fa?"

"Da har yanzu kana durƙushe, nama na hucewa."

Rufus ya dube ta, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zube a gaban kujerarta, takalmi na ta kuka.

"Na sallama, Kaka. Ta gudu. Wallahi ta gudu! Na leƙa cikin kaina ban tarar da kowa ba, ko sunana babu. Sai kawai na ji ki."

Hilda ta lalubo kunnensa, ta riƙe, ba ta ja ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki littafin da ke cinyarta ta ɗora masa a ka.

"Riƙe. Baɗi kai za ka zauna a lungun nan. Wanda bai taɓa jin yadda numfashi ke maƙalewa a nasa maƙogwaron ba, ba zai ji shi a na wani ba. Yanzu ka sani. Kunnuwan nan ma sa samu aikin yi."

"Ke yaushe kika taɓa faɗuwa a kanta?"

"Ni da ita aka haife ni, kar ka haɗa kanka da manya."

Ya rungume littafin, ya yi gyaran murya.

"Wato kin bar mini gado tun ba ki mutu ba? Kek ɗin makokin fa?"

"Aro na ba ka. Zumar da za ka samu kuwa ka riƙa aiko mini bakin teku, in ka lasa zan ji a muryarka. Tashi ka kai ni tebur, angon banza, kafin Bevan ya cinye naman."

Ya ba ta hannu suka fita, tana dogara sanda, takalminsa na kuka, suna musu a kan wanda ke jan wani. Kwalbar tausayin ni aka bar wa, wai ladan manta labule. Washegari da safe ina ban ruwan fure na hango Rufus a ƙofar Hilda, riƙe da sabuwar kwalba da hannu biyu.